Ƙanwata ta kasa komawa daidai wata 8 bayan fyaɗe: wane magani ne yake aiki?

Babbar Yaya ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan tambaya, domin magana ce da aka haɗu aka binne a gidanmu, amma na ga shirun da muke yi yana cin yarinyar a tsaye. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta 21, tana aji biyu a wata kwalejin ilimi. Wata 8 da suka wuce wani mutum da ta sani, wanda yake shigowa gidanmu yana gaida mahaifiyarmu, ya yi mata fyaɗe. Sai bayan kwana biyu ta iya buɗe baki, kuma ni ta fara gaya wa. A ranar na kai ta asibiti, aka ba ta maganin kariya daga ƙanjamau na kwana 28 da na hana ɗaukar ciki, kuma alhamdulillahi duk gwajin da aka maimaita daga baya ya fito lafiya.

Jiki ya warke, amma yarinyar da muka sani ba ta dawo ba. Ba ta runtsawa sai an yi kiran assalatu, in kuma barci ya ɗauke ta sai ta farka a firgice tana haki. Tana wanka sau huɗu ko biyar a rana har fatar hannunta ta fara tsagewa. Rannan wani baƙo ya shigo da ƙamshin irin turaren da mutumin yake shafawa, sai ta saki farantin da ke hannunta ya fashe, ta shige bayan ƙofa tana makyarkyata kusan rabin awa. Makaranta ta daina zuwa. Magana ɗaya take maimaitawa idan muna mu biyu: "Ni na buɗe masa ƙofa, kuma ban yi ihu ba."

Mahaifiyarmu ta ce shafar aljanu ce, an yi ruƙiyya sau uku, an sha rubutu. Kawunmu ya ce a yi mata aure, hankalinta zai kwanta. A wani asibiti da muka koma, likitan bai yi minti biyar da mu ba ya rubuta maganin barci, ya ce ta yi haƙuri ta manta. Tana sha tun lokacin, yanzu ƙwaya ɗaya ba ta yi mata komai.

Ina roƙon masu ilimin wannan fanni su gaya mini gaskiya: akwai maganin zama da tattaunawa da aka tabbatar yana aiki ga wadda aka yi wa irin wannan, ko kuwa sai dai a bar wa lokaci? Kuma idan akwai, me ake yi a cikinsa? Ina tsoron in kai ta inda za a tona mata miki a sallame mu da shi a buɗe.

Malama Mai Sauraro ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri kan yarda da ita da kika yi tun ranar farko, domin yadda wanda aka fara gaya wa ya karɓi maganar yana da tasiri sosai a kan warkewa. Aikina ke nan a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ta ɓangaren ilimin halayyar ɗan'adam. Ba zan yanke hukunci a kan wadda ban gani ba, amma abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda a asibiti muke kira PTSD: abin yana dawo mata a mafarki da a farke, tana guje wa duk abin da zai tuna mata, tana zaune a ɗar-ɗar, kuma tunaninta game da kanta ya juye.

Game da barin wa lokaci, akwai binciken da Barbara Rothbaum da Edna Foa da abokan aikinsu suka wallafa a Amurka a 1992, inda suka bi mata 95 da aka yi wa fyaɗe mako bayan mako. A kusan sati biyun farko, kashi 94 cikin 100 suna da alamun ciwon, amma bayan wata uku sun ragu zuwa kashi 47. Wato lokaci yana sassauta wa kusan rabi, sauran rabin kuma sukan tsaya wuri ɗaya. Wadda ta kai wata 8 tana yadda kika faɗa, jira ba zai ƙara mata komai ba. Shawarar "ki manta" kuwa ita ce take riƙe ciwon, saboda duk lokacin da ta guje wa tunanin ko wurin ta ji ɗan sauƙi, ƙwaƙwalwarta tana ƙara yarda cewa haɗarin yana nan. Kamar gyambo ne da aka naɗe ba a wanke ba.

Hanyar da na fi ganin ta dace da kalaman ƙanwarki ita ce wadda ake kira CPT, wato maganin tattaunawa na warware tunanin da ya maƙale, wadda Patricia Resick ta tsara a ƙarshen shekarun 1980, kuma da matan da aka yi wa fyaɗe aka fara gwada ta. Zama 12 ne, kimanin awa guda kowane mako. A farko ana sa mara lafiyar ta rubuta shafi guda kan dalilin da take ganin ya sa abin ya faru, da yadda ya sauya mata kallon kanta da na mutane. Daga rubutun ake zaƙulo wuraren da tunaninta ya maƙale, kuma ƙanwarki ta riga ta ba ku guda biyu da bakinta. Mai maganin ba za ta ce mata "ba laifinki ba ne" ba, domin na tabbata kin faɗa mata haka sau ɗari bai shiga ba. Tambayoyi za ta yi mata a hankali: sau nawa mutumin ya taɓa zuwa gidan aka buɗe masa? Su wa da wa suka taɓa buɗe masa? A daidai lokacin da kika zare sakata, me kika sani game da niyyarsa? Da yayarki ce ta buɗe a ranar, za ki ce ita ta jawo wa kanta? A haka, da aikin gida da take yi a takarda tsakanin zama da zama, ita da kanta take gano cewa tana hukunta kanta ne da ilimin da ba ta samu ba sai bayan abin ya faru. Zaman ƙarshe-ƙarshe ana yin su ne kan abubuwa biyar da fyaɗe yake rushewa: jin aminci, yarda da mutane, iko da rayuwarta, ganin ƙimar kanta, da kusanci da wani.

Batun rashin ihu yana da amsa ta musamman, kuma ina so ki karanta mata wannan idan ta yarda. A wani bincike da aka wallafa a 2017 kan mata 298 da suka je asibitin gaggawa na waɗanda aka yi wa fyaɗe a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, kashi 70 cikin 100 sun ce jikinsu ya sandare a lokacin, sun kasa motsi ko fitar da murya. Jiki ne yake yin haka da kansa idan tsoro ya kai maƙura, ba da shawarar mai shi ba, kuma ba alamar amincewa ba ce.

Hanya ta biyu ita ce PE, ta Edna Foa, wato fuskantar abin tsoron a hankali har ya daina razanarwa. Zama 8 zuwa 15 ne, kowanne kusan minti 90. Mara lafiyar tana ba da labarin abin da ya faru da babbar murya, a maimaita, a naɗa a waya ta saurara a gida, sannan a jera abubuwan da take gudu waɗanda ba su da haɗari a zahiri, ta riƙa tunkarar su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A 2002 Resick ta gwada hanyoyin biyu a kan mata 171, duka suka yi aiki, sai dai CPT ta ɗan fi rage zargin kai, kuma da aka sake bibiyar matan bayan shekara 5 zuwa 10 an tarar sauƙin bai gushe ba. Akwai ta uku, EMDR, ta Francine Shapiro, inda mara lafiyar take riƙe hoton abin a zuciya tana bin yatsan mai magani da ido hagu da dama. Masana suna gardama kan ko motsin idon ne yake aikin, amma sakamakonta ya isa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin shawarwarinta na 2013, kuma tana da sauƙi ga wadda ba ta son zayyana komai da baki.

Tsoronki na a tona miki a bar shi yana kan hanya. Abin da ke raba magani da tonon banza shi ne tsari: adadin zama sananne, aikin gida, da awon ci gaba kowane mako.

Wadda Ta Haye ta amsa:

Yaya, na karanta saƙonki sau biyu kafin na iya rubutu, domin wankan nan da kika ambata na yi shi shekaru. Nawa ya faru ina shekara 19, ban samu magani na gaskiya ba sai ina 27, bayan aurena ya kusa mutuwa saboda duk lokacin da mijina ya taɓa ni ba zato sai in zabura, shi kuma bai san dalili ba. Don haka ki gaya wa kawunku, cikin ladabi, cewa aure ba ya wanke wannan, ɗaki kawai yake sauya masa.

Na fara zuwa wurin wata mai ba da shawara, mutumiyar kirki, muka yi wata huɗu tana yi mini nasiha ina kuka, in fito in ji sanyi na kwana ɗaya, mafarkin ya dawo. Ta biyun ce ta yi mini irin abin da Malama ta bayyana na fuskantar tsoro. A zama na biyu muka rubuta jerin abubuwan da nake gudu, kowanne na ba shi maki daga 0 zuwa 100. Rufe ƙofar banɗaki ina ciki na ba shi 40, shiga adaidaita sahu ni kaɗai 70, wucewa ta layin da abin ya faru 95. Aikina na makon farko shi ne in rufe ƙofar banɗakin in tsaya, ba tare da na fito da gudu ba, har bugun zuciyata ya lafa. Ranar farko na yi minti ashirin ina riƙe da bokiti, gumi yana zuba. Rana ta shida na lura ina tunanin cefane ne a ciki.

Dole in gaya miki abin da ya fi wuya. A sati na uku da na huɗu, lokacin da na fara sauraron muryata ina ba da labarin, sai komai ya ƙaru, barcin da nake ɗan samu ma ya gudu, har na yi niyyar ba zan koma ba. An riga an gargaɗe ni cewa hakan yana iya faruwa, shi ya sa na daure. Kowane mako ina cike wata takarda mai tambayoyi 20, makina ya fara daga 58, a zama na 11 ya sauka 17. Ban manta ba, kuma ban ga alamar zan manta ba, amma yanzu idan na tuna ina jin abu ne da ya wuce, mai shekara da wata, ba abin da ke faruwa a ɗakin da nake zaune ba.

Roƙona gare ki biyu ne. Kada ki ja ta da ƙarfi, domin an riga an ƙwace mata zaɓi sau ɗaya. Ki ba ta bayani, ki bar ta ta ce to da bakinta. Kuma idan ta fito daga zama, kada ki tambaye ta me aka ce. Ki tanadi kuɗin mota na wata uku tun yanzu, saboda shi ne ya kusa katse nawa.

Almajirin Malamai ya amsa:

Malama, Allah ya yaye wa ƙanwarki, ya bi mata hakkinta. Ni ba likita ba ne, zan tsaya inda na sani. Zargin da take yi wa kanta yana da gefen addini wanda sau da yawa ba a furta shi, wato tsoron cewa ta aikata alfasha. A gaya mata a fili cewa wanda aka tilasta babu zunubi a kansa. Hadisi ya zo cewa an ɗauke wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai, kuma aya ta 33 ta Suratun Nur, da take magana kan matan da aka tilasta wa alfasha, ta rufe ne da gafara da jin ƙai gare su. Neman magani kuwa umarni ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ban san wani dalili da ya ware ciwon zuciya daga wannan umarni ba.

Addu'a da karatun Alƙur'ani a ci gaba da su, su ma sanyi ne. Abin da nake ja a kansa shi ne irin ruƙiyyar da ake danne yarinya ana tsawa, wani lokaci har da duka, namiji baƙo yana tsaye a kanta. Ga wadda aka yi wa fyaɗe, wannan maimaita mata ranar ne. Aure kuma ba ya halatta sai da yardarta.

Sai dai ina da tambaya ga masana. Duk sunayen da aka ambata na Turawa ne, kuma mu mutane ne masu kunya da son rufin asiri. Anya wannan tsari na rubuce-rubuce da zayyana labari zai karɓi matanmu, musamman waɗanda ba su yi karatun boko ba?

Likitan Unguwa ya amsa:

Malam, tambayarka tana da amsa daga nahiyarmu. A gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda yaƙi ya sa fyaɗe ya yi yawa, Judith Bass ta Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun gwada CPT a ƙauyuka 15 a kan mata 405, aka wallafa sakamakon a 2013. Da yawansu ba su iya karatu ba, don haka aka mai da aikin gidan na baka, aka cire zayyana labarin fyaɗen, aka yi zama ɗaya na keɓe da 11 na rukuni, kuma mata 'yan yankin ne da aka horar suka jagoranta, ba likitoci ba. Wata shida bayan gamawa, kashi 9 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi CPT suke da alamun ciwon damuwa ko fargaba mai tsanani, alhali a cikin waɗanda aka yi wa tallafi da sauraro kaɗai kashi 42 ne, kuma haka abin ya kasance ga ciwon firgicin. Kunya ba ta hana shi aiki ba.

Hajiya mai tambaya, ƙwayar barcin ce ta fi tayar mini da hankali. Idan dangin diazepam ce, ba ta maganin wannan ciwo, jiki yana sabawa da ita kamar yadda kika fara gani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan ba da ita bayan tashin hankali. Amma kada a tsayar da ita rana ɗaya bayan watanni ana sha, domin hakan yana iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage ta sannu a hankali. Idan ana buƙatar ƙwaya, irin su sertraline ko paroxetine ne aka tabbatar suna taimakawa, sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a ga tasirinsu, kuma maganin zama ne a gaba da su.

Zan ɗan rage wa Malama Mai Sauraro kaifi a wuri ɗaya: waɗanda aka horar sosai a kan waɗannan hanyoyi ba su da yawa a Arewa, kuma ba duk mai allon "ba da shawara" ne ya san su ba. Ki fara da cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, irin su Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, Salama a Kaduna, ko Nana Khadija a Sakkwato, inda ake duba mutum kyauta kuma a tura shi gaba. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika. Duk inda kika je ki tambaya kai tsaye: wace hanya za a bi, zama nawa ne, kuma da me za a auna ci gaba? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ki nemi wani.

Abu biyu ba ki ambata ba. Kin taɓa tambayar ta ƙarara ko tana tunanin kashe kanta? Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, kuma idan ta ce e, a ɗauke ƙwayoyin daga hannunta a kai ta asibiti a ranar. Na biyu, har yanzu mutumin yana shigowa gidan? Babu maganin da zai koya wa ƙwaƙwalwa cewa haɗari ya wuce alhali tana jin sallamarsa a zaure.

Babbar Yaya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Likita, tambayarka ta biyu ta sa na kasa cin abinci jiya, domin gaskiya yana zuwa, kusan kowace Juma'a, saboda mahaifiyarmu tana tsoron idan aka hana shi unguwa za ta tambayi dalili. Na kira babban yayanmu na gaya masa komai, ya ce daga wannan makon mutumin ba zai sake taka ƙofar ba, kuma za mu zauna da ƙanwata kan ko tana son a kai ƙara. Tambayar farkon ma na yi mata. Ta ce takan yi fatan kada ta farka, amma ba ta shirya komai ba, duk da haka na karɓe ƙwayoyin, ni nake ba ta, kuma zan faɗa wa likita.

Na karanta mata bayanin sandarewar jiki. Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba, sannan ta ce, "Yaya, sake karanta wurin kashi 70 ɗin." Ta yarda za mu je ranar Talata, da sharaɗin mace ce za ta gan ta, kuma in zauna a bakin ƙofa inda za ta iya hango mayafina.